Shagon ubangida ko cibiyar koyon sana'a: wanne ya fi wa mai neman abin yi a Damagaram?

Daren da sakamakon BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, ya fito, ƙanwata ta zo gidana a Garin Malam bayan sallar isha'i. Ko ruwan da aka kawo mata ba ta taɓa ba. Ta ce, "Yaya, yaron nan ya sake faɗuwa, karo na biyu ke nan. Ni dai ka ɗauke shi shagonka tun gobe, kafin ƴan fada masu zaman banza a bakin titi su riga mu." Yaron yana da shekara 17. Na ce mata ta ba ni mako guda. Ta dube ni kamar na ƙi ɗanta, alhali abin da ya hana ni amsawa nan take shi ne na bi hanyoyin nan biyu da ƙafata, na san abin da kowace ke bayarwa da abin da take ɓoyewa.

Aikina haɗa wutar lantarki ne, abin da muke cewa aikin kuran. Na koye shi wajen ubangida tun ina yaro, sai da na haura shekara 30 da iyali a wuyana sannan na zauna a aji na koyi lissafinsa. Tambayar ƙanwata kuwa ba tata ba ce ita kaɗai. Jihar Damagaram ita ce ta fi kowace jiha a Nijar yawan jama'a a ƙidayar 2012, sama da mutum miliyan 3 da rabi, kuma kusan rabin ƴan ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba. Duk wanda ya ratsa Kara-Kara ko Zongo da hantsi ya ga majiya ƙarfi a zaune kan benci, ya san gidan da babu irin wannan tambaya kaɗan ne.

Shagon ubangida shi ne hanyar da muka gada. Da ita dukawan Birni suka riƙe aikin fata har sunan garin nan ya kai nesa, da ita maƙera da majema da magina suka miƙa sana'a hannu zuwa hannu. Uba ya kama hannun ɗansa, ya kai shi wajen wanda ya yarda da shi, ya ce ga amana, a yi fatiha, shi ke nan. Ba a tambayar takarda, ba a duba shekaru, galibi ba a biyan komai. Yaro zai samu abincin rana, ranar da aiki ya yi kyau a miƙa masa kuɗin sabulu. Ga gidan da ake auna hatsi da tiya kullum safe, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk mai ba da shawarar da ya raina shi bai san yadda gidajenmu suke ba.

Amma babbar ribar shago ba abincin ba ce. A shago ne yaro ke ganin mai kuɗi ido da ido. Yana jin yadda ubangida ke yanka farashi, yadda yake lallashin Alhajin da aka ɓata wa lokaci, yadda yake karɓar kafin alƙalami don ya sayi kaya, da yadda yake bin bashi ba tare da zumunci ya lalace ba. Yana sanin wane ɗan kasuwa ne a kasuwar Dole ke sayar da waya ta gaskiya, wane ne ke sayar da mai jan ƙarfe a baki kawai. Ranar da ya buɗe nasa wuri, rabin masu kawo masa aiki mutanen da suka san fuskarsa ne tun yana riƙe tsani. Babu ajin da ke koyar da wannan. Hannu ma a shago yake faɗawa, domin abin da ɗan cibiya zai yi sau uku a shekara, ɗan shago yana yin sa sau uku kafin azahar.

To ga inda take ciwo. Shago ba shi da ranar gamawa. Ni shekara biyu na farko na yi su ne a shara, da dafa shayi, da kai cefane gidan ubangidana. Na yarda akwai tarbiyya a ciki, amma tarbiyyar wata shida aka ja ta har shekara biyu saboda ana jin daɗin aike na. Sannan akwai ɓoyo. Wasu iyayen gida in aka zo wurin da sirrin aikin yake, sai a aiki yaro sayen ruwa. Ba duka ba ne, na san masu tsoron Allah da ke zaunar da yaro su nuna masa komai, amma tsoron kada yaro ya iya ya buɗe shago a gefenka ya kwashe maka mutane yana nan, kuma shi ke riƙe wasu samari shekara bakwai, takwas, ba a yaye su ba.

Abin da ya fi ɓoyo illa shi ne ubangida ba zai ba ka abin da shi ma bai da shi ba, kuskurensa kuma kai za ka gada kana ɗauka daidai ne. Shekaru na yi ina ja wa mutane waya iri ɗaya ko'ina, ban san cewa ta fitila mai kaurin 1.5 ce, ta soket mai 2.5, na'urar sanyaya ɗaki kuma tana son layinta daban da abin katse wuta nata ba. Wayar ƙasa, wadda ke kare rai in wuta ta zubo a jikin firiji, ban taɓa ganin ubangidana ya sa ta ba, don haka ni ma ban sa ba. Akwai gidan da na yi wa aiki soket ya narke cikin dare, Allah ya kiyaye ba a yi gobara ba. Har yau in na tuna gabana yana faɗuwa, domin da yara a ɗakin. Haka mai walda da ya koya wajen wanda ba ya sa gilashin ido zai kwana yana ɗiga ruwa a idonsa, ya ɗauka haka sana'ar take.

Wannan giɓin ne cibiya ke cikewa, sai dai cibiyoyin ba iri ɗaya ba ne, kuma iyaye da yawa suna rikita su. Akwai CFM, cibiyar koyon sana'o'i da gwamnati ta yi niyyar kafawa a kowace ƙaramar hukuma. Ita ce ta yaran da suka bar makaranta ko ma ba su taɓa shiga ba, kuma karatunta wajen shekara biyu ne. Akwai CET, kwalejin fasaha, wadda ke ɗaukar yaron da ya gama aji shida na firamare ya yi shekara huɗu ya fita da CAP, takardar shaidar iya sana'a. Sama da su akwai cibiyoyin da ke ɗaukar wanda ya kai matakin BEPC su kai shi ga BEP, takardar sana'a da ke gaba da CAP, sannan lise, wato babbar sakandare, ta fasaha ga mai neman bakaloriya. Ga kuma masu zaman kansu, waɗanda ake biya, masu kyau da marasa kyau a cakuɗe. Yaron da ke da shekara 12 kuma kansa na ja, CET ta fi masa komai, a nan ba na ko jinkiri. Mai shekara 17 da ya faɗi BEPC kamar ɗan ƙanwata, zancen CFM ne ko wata mai zaman kanta.

Abin da na samu a aji, da tsufana, shi ne dalili. A shago ana ce maka yi kaza. A aji ana gaya maka me ya sa. Ɗauki aikin sola, wanda yanzu ya zama ruwan dare a garin nan. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da wat 1200 na awa guda. In irin na dalma ne, rabi kawai ya kamata a sha in ana son ya yi ƙarko, saura 600 ke nan. Fanka mai cin wat 60 za ta yi awa goma a kansa, in an ƙara talabijin da fitilu sai awannin su ragu. Lissafi ne da bai wuce minti biyu ba, amma wanda bai san shi ba zai ɗora wa batir ɗaya firiji da fanka uku, bayan wata huɗu batir ya mutu, maigida ya ce an cuce shi, sunan mai aiki ya ɓaci a unguwa. Haka tela da ta koyi awo da yanka a takarda za ta ɗinka abin da ba ta taɓa gani ba daga hoton waya, wadda ta koya da ido kuwa sai an kawo mata tsohuwar riga ta ɗora. Cibiya kuma tana da ranar shiga da ranar fita. Uba ya san in ya yi haƙurin shekara biyu an gama.

Sai takarda. A nan ina son a yi hankali, domin an sha yaudarar yara da ita. Gaskiya ne in za ka nemi aiki a matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a 2011 kan hanyar Tanut, ko a kamfanin wutar lantarki na NIGELEC, ko wajen kamfanin da ya ci kwangilar gini, ko ka yi rajista a ofishin ANPE, hukumar da ke taimaka wa masu neman aiki, za a tambaye ka shaidar abin da ka iya, kuma bakin ubangidanka ba ya shiga fayil. Na rasa aikin wata ƙungiya da na fi wanda aka ba iyawa, don shi yana da takarda ni ba ni da ita. Amma irin waɗannan guraben nawa ne, masu nema nawa ne? Mafi yawan wanda ya koyi sana'a a Damagaram kansa zai yi wa aiki, ko ya yi wa wani mai shago. Ko wanda ya samu aikin albashi, mafi ƙarancin albashi a doka jaka 42 ne, wato sefa dubu 42, a wata tun farkon 2024, kuma ƙwararren mai gyaran firiji yana iya wuce wannan cikin ƴan kwanaki a watan Afrilu. Takarda ƙofa ce da ya kamata yaro ya riƙe makullinta, amma kada a sa shi ya zauna bakin ƙofar yana jira.

Raunin cibiya kuwa a fili yake ga duk wanda ya leƙa. Sana'a da kaya ake koyonta, kaya kuma kuɗi ne: katako, ƙarfe, sandar walda, yadi, waya. In kasafin bai iso ba, sai malam ya koma allo da alli, yara su shekara suna kwafar zanen injin da ba su taɓa kwancewa ba. Wani wuri keken ɗinki biyar ne ga ɗalibai talatin. Wani wuri injin yana nan amma babu wuta, kuma mun ga yadda abin ya kasance daga watan Agustan 2023 lokacin da Najeriya ta katse layin da ke ba mu wuta, aka yi watanni ana rabon ta unguwa-unguwa. Na karɓi yara masu takarda mai hatimi waɗanda hannunsu ke rawa in sun riƙe filaya. Ba laifinsu ba ne. Sannan a shekarun nan biyu ɗan cibiya ba ya kawo ko dala gida, sai ma a ba shi na karin kumallo da na kabu-kabu in wurin da nisa.

Don haka ba na yarda a zaɓi cibiya daga suna ko daga allon da ke bakin ƙofa. A je da ƙafa, ranar aiki, da misalin ƙarfe goma na safe, ba tare da an sanar ba. In ka ji ƙarar guduma da zarto, ka ga tufafin yara da baƙin mai, wuri ne na koyo. In ka tarar da tsit, injuna lulluɓe da leda, ka ƙirga kawunan yara ka ƙirga injunan da ke tashi, sannan ka tambayi malam ina waɗanda suka fita bara suke, ya nuna maka ko da uku da ke cin abinci da sana'ar. Ubangida ma haka za a yi masa. Tambaya ɗaya ta isa: yara nawa ka yaye, ina shagunansu? Wanda ya shekara ashirin yana aiki bai iya nuna ko ɗaya ba, kada ka ba shi ɗanka ko da ɗan'uwanka ne. Kuma a yi magana tun farko gaban shaidu, shekara nawa, me za a koya, yaushe za a yaye. Mutanenmu suna jin nauyin wannan magana, suna ganin kamar rashin yarda ne, amma ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai hanya ta uku da ke haɗa biyun, kuma ita na fi so in an same ta. Asusun FAFPA, wanda gwamnati ta kafa don tallafa wa koyon sana'a, yana ɗaukar nauyin tsarin da yaro zai riƙa yin yawancin kwanakinsa a shagon ubangida, ya kuma riƙa zuwa cibiya ana ba shi lissafi da ƙa'idar aiki. Guraben ba su da yawa kuma zuwa suke lokaci-lokaci, don haka sai an riƙa bibiya a ofishinsu na jiha da wajen ƙungiyoyin masu sana'ar hannu. Amma ko ba a samu gurbi ba, iyali na iya ƙirƙirar irinsa da kansu: cibiya da safe, shago da yamma da ranakun hutu da dogon hutun damina.

Duk wannan zancen yara ne. Babba fa, mai mata da ƴaƴa, wanda sana'arsa ta mutu a hannunsa? Mun gan su da yawa tun watan Mayun 2023, da Najeriya ta cire tallafin mai, ribar ruwa-ruwa, wato man fetur da ake shigowa da shi ta bayan fage, ta zube, masu kwalabe a bakin titi suka rasa tudun dafawa. Irin wannan mutum ba zai iya shekara biyu a aji ba, ba zai kuma iya dafa wa wani shayi shekara biyu ba. Shi gajeren horo ya dace da shi, na makonni ko ƴan watanni, irin wanda ƙungiyoyi da FAFPA ke shiryawa. Sai dai gajeren horo yana da sharaɗi guda da na ga ya tabbata sau da yawa: yana amfani ne in an ɗora shi kan abin da mutum ya riga ya sani. Ɗan kabu-kabu da ya shekara biyar yana kwance babur ɗinsa, wata uku sun ishe shi ya zama mai gyara. Mai aikin kuran kamar ni, makonni kaɗan suka ishe ni na kama sola. Manomin rani a Mirya ko Gidimuni da aka koya wa gyaran injin ban-ruwa ya samu sana'a biyu a gona ɗaya. Amma a ɗauko wanda bai taɓa riƙe sufana ba, a ba shi kwana ashirin, a ba shi takarda da hoto, wannan kuɗin zama kawai ya ci.

Ƴan mata da matan aure su ne aka fi yi wa wannan. Kusan duk horon da aka kawo musu ɗinki ne, ko sabulu, ko man shafawa, har ya zama layi ɗaya tela huɗu, duk suna jiran sallah. Ba na hana ɗinki, amma wadda za ta shige shi ta shiga da niyyar ƙwarewa a yanka, a cibiya mai kekuna isassu, domin a nan bambancin yake. In ba haka ba, sarrafa gyaɗa da kyau, ko alkaki da aka san garin nan da shi in an iya naɗe shi da tsabta don matafiya, sun fi kawo kuɗin yau da gobe. Kuma akwai aikin da mace ta fi namiji dama a kai: mai gyaran waya ko mai haɗa sola mace tana shiga gidan kulle kai tsaye, mu kuwa sai an jira maigida ya dawo. Ga mace na fi karkata ga cibiya a kan shago, saboda akwai lokacin tashi sananne kuma hankalin iyaye ya fi kwanciya.

Wasu kuma Kano suke tura yaro, tunda tafiyar ba ta wuce yini ba in an bi ta Matamaye da Daura. Gaskiya in gyaran wayar salula ne, abin da yaro zai gani a kasuwar Farm Centre cikin wata ɗaya ba zai gan shi a nan cikin shekara ba, haka kayan mota a Ƙofar Ruwa. Amma ban yarda a tura wanda bai fara komai ba, ko wanda ba shi da gidan da zai sauka da babban da zai tsawata masa. Kano wurin ƙaro ilimi ne ga wanda hannunsa ya riga ya faɗa. A tuna kuma iyaka ta kasance a rufe daga Agustan 2023 har Maris na 2024, kuma abin da aka tara a naira yana raguwa in aka juya shi zuwa sefa.

Wace sana'a ce ma za a koya? Ni nakan ce a dubi abin da garin ke kuka da shi. Ƙishirwar Damagaram ta girme mu duka, tun zamanin da ake jawo wa garin ruwa daga Gogo da Machaya har zuwa Arunguza da Ganaram, don haka mai aikin famfo da tanki da injin jan ruwa ba ya zama. Zafi da ɗaukewar wuta sun sa mai sola da mai gyaran firiji ba sa zama. Babura da adaidaita sun cika titi. Waɗannan duka sana'o'i ne masu lissafi, shi ya sa a cikinsu nake matsa wa a haɗa da aji. Aikin fata da ƙira da kafinta kuwa, ubangida nagari ya fi kowace cibiya da na sani.

Abin da na fi gani yana kayar da masu koyo, ko daga shago suka fito ko daga cibiya, ranar fita ce. Yaro ya iya, an yi addu'a, an watse, washegari ba shi da ko filaya tasa. Injin walda, keken ɗinki, akwatin makullai, hayar rumfa, duk kuɗi ne da ba wanda ya tanada. Sai ya koma ƙarƙashin wani a matsayin yaro, ko ya hau kabu-kabu na ɗan lokaci, ɗan lokacin ya zama shekara goma. Wasu shirye-shirye suna raba kayan aiki in an gama, wasu iyayen gida suna sallamar yaro da wani abu, amma kada a dogara da ko ɗaya sai an ji daga bakin wanda aka taɓa ba. Tun ranar da yaro ya fara, a shiga adashi da sunansa, a riƙa sayen kayan ɗaya bayan ɗaya.

Da mako ya cika na je gidan ƙanwata da kaina. Na ce mata ba zan ɗauke shi shagona ba, domin ni kawunsa ne, zan ji nauyin yi masa faɗa, shi kuma zai raina aiken yarana. Na riga na leƙa cibiyoyi biyu, ɗaya na tarar da injuna a rufe, ɗayar na tarar da yara suna kwance kwamfuresan firiji a ƙasa, malam a tsugune tare da su. A ta biyun muka rubuta sunansa, sashen sanyi. Da yamma yana zuwa wajen wani abokin aikina a Sabon Gari wanda ya yaye mutum huɗu da na san shagunansu, kuma mun yi magana gaban mahaifin yaron cewa shekara biyu ne. Uwarsa tana zuba jaka ɗaya duk Juma'a a adashin matan layinsu, ni kuma na ɗauki nauyin na'urar awon wuta. Kwasar farko ta faɗo mata a watan jiya, muka je Dole tare da yaron, ya zaɓi makullai da abin yanka bututu da hannunsa.